Kowace wuƙa da dalilinta: yadda ake shirya wasan Kaisar da ɗalibai

Idan kai aka damƙa wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarku, kuma hankalinka ya kwanta da Julius Caesar na William Shakespeare, to kada ka raba wa yara matsayi a zaman farko. Tambayar da za ta fara fitowa daga bayan aji ita ce, "Malam, waye bos?" Sun taso da finafinan da tun a minti goma na farko an san wanda za a tsana. Ka kuskura ka ba su suna guda, ka kashe wasan tun ba a hau dandamali ba, domin wanda ka kira bos zai yi ta zare ido yana murtuke fuska har a tashi, sauran kuma su saki jiki. Ni adabi nake koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a nan Kaduna, ga kuma hanyar da nake bi.

Fara ba su labarin da baki, da Hausa, littafi a rufe. Tun wajen shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Romawa suka kori sarkinsu na ƙarshe, suka ce su da sarauta har abada, mulki ya koma hannun majalisar dattawa da shugabannin da ake zaɓa duk shekara. Haka aka tafi fiye da shekara 450. Sai ga Yuliyas Kaisar, janar ɗin da ya ci ƙasar da yau ake kira Faransa, ya dawo gida ya gwabza yaƙin basasa da Fomfe, wani babban janar na Rum, ya karya shi a Farsalus a shekara ta 48. Da yawa daga cikin waɗanda suka yaƙe shi ya yafe musu, ciki har da Burutus da Kasiyas, ya kuma ba su muƙami. A farkon shekara ta 44 aka ba shi cikakken iko na muddin rai. Ranar 15 ga Maris aka kashe shi. Ka ɗan tsaya a kan yafiyar nan. Wasan bai ja ta da tsawo ba, amma ɗan Bahaushe yana jin ta zai ce butulci ne, magana ta ƙare. Bar shi ya faɗa. Aikin makonnin da ke tafe shi ne ya gano cewa maganar ba ta ƙare a nan ba, ko da daga baya zai koma kan bakansa.

Ka riga su sanin inda wasa ya saɓa da tarihi, don akwai wanda zai duba waya ya zo ya tsare ka. Shakespeare ya rubuta shi wajen 1599, ya ɗebo labarin daga littafin Fulutak, wani marubucin Girka na dā, wanda Thomas North ya fassara a 1579. Tarihi ya ce masu makircin sun kai kimanin 60, sukan wuƙa 23, kuma a zauren da Fomfe ya gina aka yi kisan. A wasa mutum takwas ne, rauni 33, wurin kuma Kafitol, wani tudu mai alfarma a birnin Rum. Wannan bayanin minti biyar ya ishe shi.

Daga nan sai aikin gaske. Ka yanka takardu takwas, kowace da sunan mutum guda, ka ce wa wanda ya ɗauka ya je ya tono a cikin littafin abin da Kaisar ya yi masa shi kaɗai, ban da abin da ya yi wa Rum. Idan sun dawo za ka ga ajin ya yi tsit, domin amsoshin ba sa haɗuwa. Metalus Simba ɗan'uwansa aka kora daga gari. Ligariyas tsawa Kaisar ya daka masa don ya yabi Fomfe, kuma da Burutus ya kira shi ya taso daga jinya yana cewa bai san abin da za a yi ba, amma tunda Burutus ne a gaba ya wadatar. Kaska ba ya ganin kowa da gashi, daga Kaisar har talakawan da ya ce warin bakinsu ne ya sumar da shi. Desiyas na jikin Kaisar ne, ya san lagonsa: ya ce idan ya gaya masa ba ya son fadanci, a lokacin ne ya fi jin daɗin fadancin. Da ɗan gari akan ci gari. Kowane yaro ya riƙe takardarsa a aljihu har ranar wasa. Kuma tunda sunayen Kaisar da Kasiyas da Kaska suna rikita kunne, ka bambanta su da launin ɗamara tun a gwaji.

Kasiyas ka ba wa yaro mai kaifin baki, siriri in da hali, tunda Kaisar da kansa ya siffanta shi da ramammen mutum mai yawan karatu da tunani, wanda ba ya son kiɗa, murmushi ma sai da ƙyar. Ka sa shi ya lura da irin hujjar da yake kawo wa Burutus a ganawarsu ta farko. Yana ambaton 'yanci, amma labarai biyu da ya fi ba wa ƙarfi na jiki ne. Na farko, sun taɓa faɗawa kogin Taiba ranar iska, Kaisar ya gaza ya nemi agaji, shi ya ɗauko shi ya fitar. Na biyu, a Sifen zazzaɓi ya kama Kaisar, yana makyarkyata yana roƙon ruwa. Abin da ke cinsa shi ne, mutumin da ya ɗauko a kafaɗa yau sai ya rusuna masa. Hassada ce, babu ja. To amma kada ka bari yaron ya tsaya a nan, domin duk shawarar da Kasiyas ya bayar a wasan ita ce daidai ta fuskar dabara: a haɗa da Antoni, na hannun daman Kaisar, a kashe, kada a bar shi ya yi jawabi a wurin jana'iza, kada a tafi Filibi a tari abokan gaba. Duka ukun Burutus ya ture, shi kuma ya haƙura ya bi, don yana ƙaunarsa kuma yana jin nauyinsa. Mai hassadar nan shi ya fi kowa ganin gaba, kuma shi ya fi saurin yin kuka idan aboki ya raina shi. Yaron da ya iya riƙe waɗannan tare ya gama da matsayin.

A kan Burutus za ka ɓata mafi yawan lokacinka, kuma ya cancanta. Ga abin da nake yi. Nakan mai da aji kotu, in zaunar da yarinya guda a kujerar alƙali, in tsayar da mai matsayin Burutus ya karanto zancen zucin da ya yi shi kaɗai a lambunsa da tsakar dare. Alƙaliya tambaya guda aka ba ta: "Me ya yi?" Yaron zai duba takarda ya rasa. Da bakinsa Burutus ya ce ba shi da wani ƙulli na kansa da Kaisar, kuma bai taɓa ganin son zuciyarsa ya rinjayi hankalinsa ba. Abin da yake da shi kawai "zai yi" ne: idan aka naɗa shi zai iya canzawa, mai hawa tsani idan ya kai sama yakan juya wa matakalar baya, don haka a ɗauke shi kamar ƙwan maciji a fasa tun bai ƙyanƙyashe ba. Ka nuna musu kuma cewa jimlar farko ta zancen ita ce hukuncin, wato sai dai a kashe shi. Dalilan daga baya suka biyo. Wani zai ce, "To Malam, ai rigakafi ya fi magani." Ka ce ya tashi ya kare wannan a gaban alƙaliya, ya faɗi wane ne a ajin zai tsira idan ana hukunta mutum da laifin da ake zaton zai yi. Wani kuma zai ce idan aka jira har ya zama sarki, wa zai iya taɓa shi? Ita ma tambaya ce ta gaske, kada ka danne ta. Ni dai nawa ra'ayin, hujjar Burutus ba ta tsaya da ƙafarta ba, amma ban taɓa faɗa musu haka kafin ranar wasa ba.

Sannan ka nuna musu ta inda aka kama shi. Burutus ba a saye shi da kuɗi ko muƙami, Kasiyas ya sani. Da sunan gidansu aka ja shi, domin ana danganta shi da wancan Burutus na farko da ya jagoranci korar sarki. Yaranmu sun san nauyin a ce da mutum, "Kai fa jikan wane ne, a gabanka za a yi wannan?" Kasiyas ya rubuta wasiƙu da rubutun hannu iri-iri kamar daga mutanen gari suke, ya sa Sinna, ɗaya daga cikin masu makircin, ya jefa ta taga, ya ajiye wata a kujerarsa, ya manna wata a jikin mutum-mutumin kakan. Burutus ya karanta ya ɗauka Rum ce ke kiransa. Dalilin da ya sa suke nemansa kuwa Kaska ya faɗe shi ƙarara: jama'a na ganin girmansa, abin da zai zama laifi a hannunsu idan da fuskarsa a ciki zai koma abin yabo. A dandamali, ka sa Kasiyas ya rubuta wasiƙun a gaban 'yan kallo, yana sauya alƙalami daga dama zuwa hagu. Ba ya cikin rubutun wasan, amma daƙiƙa talatin ɗin nan ta fi dogon bayani.

Da ya shiga cikinsu, mutuncin nan nasa shi ya yi ta ja musu asara. Ya hana a yi rantsuwa, wai kalmar Barome ta isa. Ya hana a taɓa Antoni, wai su masu yanka hadaya ne, ba mahauta ba. Ka gaya wa yaron kada ya faɗi waɗannan da taƙama. Da natsuwa zai faɗe su, irin ta wanda bai taɓa tunanin zai iya yin kuskure ba. Ita ta fi ban tsoro.

Kaisar kuma kada ka mai da shi dodo, kada ka mai da shi waliyyi. Kunnensa na hagu ba ya ji, yana da farfaɗiya, yana kiran kansa da sunansa kamar yana maganar wani dutse. Sau uku Antoni ya miƙa masa kambi a bainar jama'a, sau uku ya ture, sai dai Kaska ya ce kowace turewa ta fi ta baya laushi, kuma mu ba mu gani ba, daga bakin maƙiyinsa muka ji. Da safen ranar, matarsa Kalfurniya ta yi mafarkin jini ta roƙe shi ya zauna, ya yarda, sai Desiyas ya juya fassarar mafarkin ya ƙara da cewa yau majalisa za ta ba shi kambi. Nan take ya ce a kawo masa rigarsa. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi a kan kwaɗayinsa, ka sa a ji ta sosai. Amma shi ne kuma ya tarbi masu kashe shi da fara'a, ya gayyace su su shiga ciki su sha abin sha tare kamar abokai, kuma da aka miƙa masa takardar gargaɗi a hanya aka ce ta shafe shi, ya ce abin da ya shafe shi shi za a duba a ƙarshe.

Yanzu kisan. Wuƙaƙen kwali ne, a naɗe da takardar azurfar cikin kwalin sigari ko ta girki. Ƙarfe ko katako mai tsini kada ya shigo harabar, ko da wasa, kuma kai za ka ƙirga su ka raba ka karɓa. Farin yadi mai araha daga Kasuwar Barci ya isa mayafi. Na Kaisar guda biyu za ka ɗinka, ɗaya lafiyayye, ɗaya a huhhuje da jan tabo, don Antoni zai buƙace shi. Jini kuwa zoɓo mai kauri da aka dama da ɗan sitaci, a ƙaramin kwano a ɓoye bayan kujera. Ba ya fita daga farin kaya da daɗi, saboda haka kada a ari zanen uwar kowa.

Tireboniyas ya janye Antoni waje. Metalus ya durƙusa yana roƙon a dawo da ɗan'uwansa, sauran su matso ɗaya bayan ɗaya kamar masu taya shi roƙo, har da'irar ta rufe. Kaisar ya ƙi, yana kwatanta kansa da tauraron arewa da ba ya gusawa. Kaska ya fara suka, daga baya. A nan takardun aljihu za su yi aiki: kowa ya soka irin dalilinsa. Kasiyas ido cikin ido. Desiyas yana kau da kai. Metalus da huci. Burutus na ƙarshe, kuma kafin ya ɗaga hannu ka sa a ƙirga biyar a zuci, kowa a tsaye cik, sannan Kaisar ya ce, "Har da kai, Burutus?" Bayan ya faɗi kada su tsaya kamar masu ɗaukar hoto. Su rikice, wannan ya yi nan wancan ya yi can, domin gaskiyar ita ce sun shirya kisa ba su shirya washegari ba. Sai Burutus ya tara su su tsoma hannu a jinin har gwiwar hannu. Mutumin da ya ce ba mahauta ba ne, ga shi ja-jawur. Kada ka yi sharhi, ido ya gani.

Akwai shawarar da wani abokin aiki zai kawo maka da kyakkyawar niyya: a sa wa Kaisar babbar riga da rawani, masu kisan kuma kakin soja, don abin ya zo kusa da gida. Ka ƙi. A garin nan, a gidan da yanzu yake Gidan Arewa a kan titin Rabah, sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da matarsa Hafsatu a daren 15 ga Janairun 1966. Cikin iyaye da kakannin da za su zauna a kan bencinka akwai waɗanda suka wayi gari a Kaduna ranar. Da sun ga rawani da kaki sun yanke hukunci, ba mai sauraron Burutus kuma, duk wahalar da ka sha ta tafi a banza. Kwatancen ma bai zauna ba: Sardauna Firimiya ne da ya hau ta hanyar zaɓe, Kaisar kuwa da rundunarsa ya ƙwaci Rum. Ka bar Romawa a cikin mayafinsu. Wanda ya san abin da ya biyo bayan Janairu, daga Yulin 1966 zuwa yaƙin 1967 zuwa 1970, ba ya buƙatar ka nuna masa da yatsa.

Jawaban jana'iza ba za su ba ka wahala ba idan ka gyara taron jama'a. Kada ka jera su a dandamali. Ka watsa su cikin 'yan kallo, kowa da jimlarsa, kuma kada su yi ihu baki ɗaya kamar masu amshi. Burutus ya yi gajeren jawabi mai tsari, ya ce ba don ƙarancin son Kaisar ya kashe shi ba, don ya fi son Rum ne. Ka tabbata an ji muryar da ta amsa da cewa a naɗa Burutus ya zama Kaisar. Ya kashe mutum don kada a yi sarki, ga masu tafa masa suna neman ba shi sarautar. Sannan ya tafi ya bar wa Antoni fili, bisa sharaɗin kada ya zarge su. Da farko Antoni bai karya sharaɗin da baki ba. Yana ta nanata cewa Burutus mutumin kirki ne mai daraja, kuma yaronka zai so ya fara da gatse tun karon farko. Hana shi. Na farko da gaske zai faɗa, don taron na Burutus ne a lokacin, gatsen a hankali zai tsiro. Ya sauko ƙasa, ya ɗaga hujajjen mayafin yana nuna inda wuƙar wane ta shiga da inda ta wane ta shiga, alhali ba ya wurin aka yi. Ya karanto wasiyya: dirakma 75 ga kowane ɗan gari, da lambunansa don kowa ya sha iska. Da taro ya watse da wuta a hannu, ya tsaya shi kaɗai ya ce fitina ta tashi, ta bi duk inda ta ga dama. A fitowarsa ta gaba yana zaune da Oktabiyas, magajin Kaisar, da Lefidus, wani janar na ɓangarensu, suna ɗiga alama a sunayen waɗanda za a kashe, har da ɗan'uwan Lefidus da ɗan 'yar'uwar shi Antonin, yana kuma neman a rage abin da wasiyyar ta bar wa mutane.

Lokaci zai matse ka, don in an fara bayan la'asar dole a tashi kafin magariba. Ka rage hadari da abubuwan al'ajabi na daren, ka dunƙule fagen yaƙi. Amma akwai guntun fage da masu yanka suka fi saurin cirewa, kuma shi ne ba zan taɓa cirewa a Kaduna ba. Wani mawaƙi mai suna Sinna ya fito za shi jana'iza, taro ya tare shi: wane ne kai, ina za ka, ina kake zaune, kana da aure? Ya faɗi sunansa, suka ce ai na masu makirci ne. Ya ce shi mawaƙi ne, suka ce to a yayyaga shi saboda munanan waƙoƙinsa. Garin da ya ga rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011 ya san tare hanya a tambayi suna. Ajinka akwai Musulmi akwai Kirista, ka gauraya su a cikin taron, ka yi magana da su tun kafin gwajin farko, wanda ya ce ba zai iya ba kada ka matsa masa. A fara fagen da raha kamar yadda aka rubuta shi, mutane na dariya, sannan dariyar ta yanke.

Rigimar Burutus da Kasiyas a cikin tanti a Sardis ma ka bar ta. Burutus na zargin Kasiyas da ƙaiƙayin tafin hannu, yana sayar da muƙami, alhali fushinsa har da cewa ya aika a ba shi zinariya ya biya sojoji an hana shi. Shi ba zai iya tatsar talaka ba, amma yana son kaso daga abin da aka tatsa. (Don kanka kawai: wasiƙun Sisaro, ɗan majalisar Rum na zamanin, sun nuna Burutus na tarihi ya ba birnin Salamis na tsibirin Kubrus bashi da ruwa 48 cikin ɗari.) A nan ne kuma yake sanar da mutuwar matarsa Foshiya, don haka kada yaron ya yi shi da sanyin dutse.

Ƙarshen, su biyun kansu suka kashe a Filibi a shekara ta 42, Kasiyas da takobin da ya soki Kaisar. Ka sanar da shugaban makaranta tun da wuri, ka yi shi a bayan labule ko da juya baya, ka kuma bayyana wa yara cewa Romawa na ganin haka a matsayin kuɓuta daga wulaƙanci, mu addinanmu duka biyu sun haramta. Burutus da kansa, ana gab da yaƙin, ya ce ya ga laifin Kato, mahaifin matarsa, a kan kashe kansa da ya yi.

Antoni zai tsaya kan gawar Burutus ya ce duk sauran hassada ta sa su, shi kaɗai ya yi don jama'a. Yara na son su rufe da wannan, amma ka tuna musu wanda ke faɗa, da kuma cewa yabon gawa ba ya cin kuɗi. Maganar ƙarshe a wasan ta Oktabiyas ce, wanda shekararsa 18 lokacin da aka kashe Kaisar, kuma shi ne a shekara ta 27 ya zama Augustus, ya riƙe Rum shi kaɗai har ya mutu. Ka ba ƙaramin yaro matsayin, ɗan aji ɗaya ko biyu na babbar sakandare, mara hayaniya. Tun a Filibi, da Antoni ya ce masa ya ja rundunarsa ta hagu, ya ce shi dama zai bi. A fagen ƙarshe ka tsayar da shi a tsakiya, Antoni a gefe, ya ba da umarnin a kai gawar tantinsa, ya fara fita, sauran su biyo shi a baya.